Ranar da Na Rungumi Ɗorawar Gwaggo Laraba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, da shekarar da na mayar da kaina ma'aunin bishiya. Ba wanda ya sa ni. Ni na ɗaga hannu a gaban manya, da bakina na kawo shawarar, har ina jin haushin waɗanda suka yi jinkirin amincewa. Wauta kala-kala ce, amma tawa ita ce irin wadda mai ita yake ganin ya fi kowa dabara.

A cikin shekarun saba'in ne, bayan an sanar a rediyo cewa za a gina sabon babban birnin ƙasa a gefenmu. Lokacin garin nan bai zama Suleja a bakinmu ba, Abuja muke ce masa. Sai baƙi suka fara kwararowa, magina da direbobi da ma'aikata, da waɗanda su kansu ba su san abin da suka zo nema ba. Duk mai fili ya fara mafarkin ɗakunan haya. Masu gidan burodi suna son itacen wuta, masu gawayi suna so, magina suna son sarari. Ka kwana da inuwa a ƙofar gidanka, ka tashi ka tarar da kututture. Ni kaina gyaran keke nake yi a gindin wata tsamiya a bakin hanyar kasuwa. Na je Madalla ta'aziyya, na dawo na iske kayan aikina a tsakiyar rana, tsamiya ta zama itacen gasa burodi. (Daga ranar na zama mai kishin bishiya. Kafin nan ban taɓa ɗaga kai na kalli ko ɗaya ba.)

Da abin ya yi yawa, malamin daji ya zo ya ce kowace unguwa ta zauna ta tsara ƙa'idojinta na sare bishiya, a kai wa hukuma ta duba. Mai Unguwarmu ya kafa kwamiti a zaurensa. Akwai Na'ibi, wato mataimakin liman, tsoho mai ciwon ido da ciwon gwiwa. Akwai Ɗanladi mahauci, abokina tun muna yara, wanda bai taɓa barin wani abin dariya ya wuce shi ba. Akwai Malam Bitrus, malamin firamare mutumin Filato, shi ne mai riƙe alƙalami. Sai ni. Ba ilimi ya kai ni ba, don karatuna na boko bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma na gudu tun ana kan haruffa. Mai Unguwa dai ya ga na ishi kowa da maganar tsamiyata, ya ga gara in yi surutun a cikin zaure da in yi shi a waje.

Wasu ƙa'idojin ba su ba mu wahala ba. Kada a sa wa bishiya wuta a gindi don ta mutu a ce ta bushe da kanta. Masu neman sassaƙen magani su ɗebi gefe ɗaya, kada su zagaye ta. Wanda ya sare ya dasa wata. Duka muka ce to. Inda muka maƙale shi ne a kan girma. Kowa ya yarda ƙaramar bishiya mai fili zai iya cire abinsa, babba kuwa ba a taɓa ta sai in ta mutu ko tana shirin faɗa wa gida. To, ina ƙarama ta tsaya, ina babba ta fara?

Malam Bitrus ya ce a sa inci kaza. Na'ibi ya ce shi bai san inci ba, kamu ya sani. Malam Bitrus ya ce ai ma yanzu gwamnati ta koma mita. Ɗanladi ya ce, "Malam, duk unguwar nan mutum ɗaya ke da tef ɗin awo, tela ne, kuma ba ya ba da aro ko uwarsa ce ta aiko."

A nan ne shaiɗan ya ɗaga mini hannu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya kai mu ga inci? Kowa yana da hannu. Duk bishiyar da mutum ya runguma yatsunsa suka haɗu ta baya, ƙarama ce, a sare. Wadda ba su haɗu ba, babba ce, a bar ta."

Na ga Mai Unguwa yana gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara girma.

Ɗanladi ya ce, "Hannun wa? Akwai wani dogo a layinmu, in ka ba shi dama sai ya rungumi Dutsen Zuma."

Na ce, "Sai a zaɓi mutum ɗaya. Kuma tunda ceton bishiya muke so, a zaɓi wanda hannunsa ya fi gajarta."

Ban ƙarasa rufe baki ba na ga duka idanu a kaina. Ni gajere ne, ban taɓa ɓoye wa kowa ba, don ba ya ɓoyuwa. Malam Bitrus ya ɗora alƙalami a kan takarda, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai fa ka kawo. In rubuta?"

Na ce, "Rubuta, Malam. Ka rubuta da manyan baƙi."

Ya rubuta. Malamin daji da aka karanta masa ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce a gwada a gani kafin a kai sama.

Kada in yi muku ƙarya, na ji daɗin muƙamin nan. Mutumin da ba a kira sai taya ta sace, sai ga shi ana aiko masa da sallama, ana shimfiɗa masa tabarma, ana ba shi goro. In zo, in tuɓe takalmi, in yi bisimilla, in rungumi bishiyar mutane, kumatuna a manne da ɓawo, kwamiti ya zagaya baya ya duba yatsuna. Na rungumi mangwaro, na rungumi kaɗanya, na rungumi maɗaci, har wata gwanda da ba wanda ya tambaye ni a kanta. Ƙirjina ya yi kanta. Sunan Ma'auni ya bi ni har masallaci. Mai ɗakina ta ce ita tun da aka kawo ta gidan ba ta ga na rungumi kowa da irin wannan himma ba. (Na yi kamar ban ji ba.)

Ana nan sai maganar ɗorawa ta taso, kuma mai son a sare ta ba kowa ba ne illa Alhaji, surukina, mahaifin mai ɗakina.

Ga yadda abin yake. Alhaji yana da wani fili a bayan unguwa, tun zamanin da wurin yake gona. Ya ba wani mutum aro yana nomawa. Mutumin ya tarar da 'yar ɗorawa ta tsiro a kan iyaka, ya yi mata shinge, ya raine ta har ta fara 'ya'ya. Da ya rasu fili ya koma hannun Alhaji, amma a al'adarmu wanda ya raini ɗorawa shi ke da 'ya'yanta, don haka matar mamacin, Gwaggo Laraba, ta ci gaba da girbe ta. Tsohuwa ce, ba ɗa ba jika a garin, tana zaune a ɗaki ɗaya kusa da filin. Daddawa take yi. Kalwar ɗorawar nan, wato ƙwayar da ake dafawa a yi daddawa da ita, ita ce jarinta. Garin ɗorawar ta sayar, ɓawon ta ba masu daɓe. Ko tukunyar dafa kalwar a gindin bishiyar take girke ta. Duk miyar da aka kaɗa a unguwarmu akwai hannunta a ciki.

Alhaji kuwa yana son jera ɗakunan haya, kuma ɗorawa tana tsaye daidai inda bango zai bi. Shi mutum ne mai bin doka. Bai kai mata gatari a ɓoye ba kamar yadda wasu suke yi. Ya je wurin Mai Unguwa ya ce ga ƙa'ida an yi, a zo a auna masa. In ƙarama ce ya sare, in babba ce ya haƙura. Aka sa ranar Asabar.

Kafin ranar na bi ta wurin da la'asar, kamar mai wucewa. Bazara ce, 'ya'yan ɗorawa sun yi jere suna lilo, saura kaɗan su nuna. Na duba hagu da dama, na jingine keke, na rungume ta. Yatsuna suka haɗu. Ba haɗuwa kawai ba, har na kama wuyan hannuna.

"Ɗan nan, ta yi?"

Na waiwaya. Gwaggo Laraba ce zaune a bayan tukunyarta, ashe tun zuwana take kallona.

Na ce, "Gwaggo, ai ba yau ne awon ba. Gaisawa kawai muke yi."

Ta yi murmushi, ta ci gaba da tura itace a murhu. Ta ce, "Na ga hannunka. Ba komai. Da za su bari in girbe na bana ma ya isa. Akwai ɗan ƙanena a Wuse, ya ce in koma wurinsa. Matarsa tana da kirki, sai dai ban saba a zuba mini abinci ba, ni na saba zubawa."

Ba ta roƙe ni komai ba. Da ta roƙa ma wataƙila da na sami bakin yi mata bayanin doka. Na hau keke na tafi da maganar nan a raina.

Mai hankali zai ce, to ka je ka sami Alhaji mana. Mai hankali bai san Alhaji ba, kuma bai san yadda muke da surukai a lokacin ba. Ni ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sai in sauka daga keke in durƙusa tun yana nesa, har ya wuce ina duban ƙasa. Maganarmu ba ta wuce "Ina kwana, Baba" da "Lafiya lau, ya iyali." Ta ina zan fara ce masa, Baba, ka karkata bangonka? Na ga wannan ya fi ƙarfina. Amma dabara, ai ita ce sana'ata.

Na zauna na yi lissafi irin na mai gyaran keke. Ƙa'ida ta ce hannuna. Ba ta ce komai a kan cikina ba. In tumbi ya tokare bishiya, hannu ba zai kai ba.

Ranar Asabar da safe mai ɗakina ta shiga maƙwabta barka. Na buɗe akwatinta na kwaso zannuwa. Na fara ɗora ƙaramin matashin kai a kan cikina, na naɗe shi da zane, na ƙara wani, na ƙara wani, ina ja ina ɗaurewa har numfashina ya fara fita da ƙyar. Na ɗora taguwa, na zumbula babbar rigata ta sallah. Na duba madubi, na ga wani attajiri yana kallona. (Na ma so shi. Ya fi ni kwarjini.)

Keke ya gagara hawa, sai na taka. Rana ta bazara ta buɗe, kafin in isa gumi ya jiƙe zanen farko ya shiga na biyu. Na tarar da wurin cike. Labari ya bazu cewa yau Ma'auni zai auna bishiyar surukinsa, har matan unguwa sun fito sun tsaya daga gefe. Alhaji yana zaune a kan kujera da carbinsa. Gwaggo Laraba tana tsaye a bakin ɗakinta. Na je zan durƙusa in gai da Alhaji, gwiwa ta lanƙwasa amma ciki ya ƙi, na tsaya a tsakani kamar mai shirin ɗaukar buhu.

Ɗanladi ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai, Ma'auni! Shekaranjiya fa na gan ka kamar kara. Me kake ci ba ka kira mu?"

Na ce, "Kwamiti ne ya karɓe ni."

Ya ce, "Mu da muke ciki tare bai karɓe mu ba?"

Mai Unguwa ya ce a yi shiru. Malam Bitrus ya karanta ƙa'idar da ƙarfi. Na tuɓe takalmi, na yi bisimilla (Allah ya yafe mini wannan bisimillar), na matsa na rungumi ɗorawa. Matashi ya tokare. Na miƙa hannu, na yi nishi don kowa ya ji ina ƙoƙari. Yatsuna suka tsaya, tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu.

Mai Unguwa ya ce, "Tsaya a haka, kada ka motsa. Kowane ɗan kwamiti ya zagaya ya gani da idonsa, kada gobe a ce an yi son kai."

Malam Bitrus ya zagaya, ya ce ba su haɗu ba. A daidai lokacin na ji cizo na farko a idon sawuna.

Duk wanda cinnaka ya taɓa ciza ya san ba ya yi wa mutum sallama. Ashe a kan raminsu na dasa ƙafata, don tumbin aro ya hana ni ganin ƙasa. Na cije leɓe. Na biyu ya zo a ƙwauri. Na ce a raina, ka daure, saura mutum biyu. Ɗanladi ya zagaya, yana tafiya yana kallon cikina, ya tsaya yana wasu tambayoyi marasa amfani, ko na matsa sosai, ko in ɗan saki numfashi. Lokacin rundunar ta wuce gwiwa.

Sai Na'ibi. Allah ya jiƙan Na'ibi, mutumin kirki ne, amma tashinsa daga tabarma kaɗai aiki ne. Ya nemi sandarsa. Aka miƙa masa. Ya tako, ya tsaya ya gaisa da wani. Ya tako, ya tsaya ya yi tari. Cinnaku kuwa sun sami hanya ta ƙugun wando sun shige ƙarƙashin zannuwa, inda ga ɗumi ga gumi, kuma ba hannun da zai iya kai musu. Na fara rawa da ƙafa ɗaya. Hawaye suka zubo mini a kan ɓawon ɗorawa. Na ji wata mata tana cewa, "Allah sarki, kuka yake yi, tausayin tsohuwa ya kama shi."

Na'ibi ya iso baya. Ya kawo fuskarsa kusa da yatsuna. Ya ce, "Ban gani sosai ba. Ku ɗan kawar mini da inuwa."

A nan imanina ya ƙare. Wani ya cije ni a wurin da ba zan iya rubutawa ba.

Na saki ɗorawa na yi ihu. Ban san lokacin da na cire babbar riga na yar ba. Taguwa ta bi ta. Sai ga ni tsaye a gaban unguwa, naɗe da atamfofin mata tun daga hammata har ƙugu, ina dukan kaina ta ko'ina. Na laluba ɗaurin ya ƙi kwancewa, gumi ya ƙulle shi. Na ce, "Ɗanladi, don Allah!" Shi kuwa ya kama bakin zane ya ja da ƙarfinsa na mahauci, na riƙa juyawa kamar katantanwa, zane yana fita, wani yana bayyana. Yana ja yana shela: "Ga na biki! Ga na suna! Jama'a, akwai saura!" Matashi ya faɗo tim a ƙasa. Kuma da yake cinnaku ba su san an gama ba, wando ma sai da ya sauka. Na rage daga ni sai ɗan kamfai.

Ba a taɓa yin dariya a unguwarmu irin ta ranar ba. Malam Bitrus ya rufe fuska da takardar ƙa'idoji, kafaɗunsa suna rawa. Mata suka ja mayafi suka rufe ido, amma na ga inda suka bar ƙofa. Na'ibi yana ta tambaya, "Me ya faru? Sun haɗu?"

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Zane na ƙarshe, wanda yake manne da fatata, wani kore ne mai zaren zinariya, tsarabar da Alhaji ya kawo wa 'yarsa daga Makka. Yana kwance a cikin ƙura a gaban kujerarsa. Ya dube shi. Bai dube ni ba, don suruki ba ya kallon mijin 'yarsa a wannan hali. Ya tashi, ya juya baya, ya kama hanyar gida, carbi a hannu.

Gwaggo Laraba ce ta cece ni. Ta taho da tsintsiya da toka a ƙwarya, ta ɗauki zane ɗaya ta yafa mini, ta daka wa jama'a tsawa: "Ba ku da kunya? Ɗana ne, kowa ya juya!" Ta shiga kakkaɓe ni tana watsa mini toka a ƙafa. A hankali, yadda ni kaɗai zan ji, ta ce, "Wawa. Wa ya aike ka?"

Ɗanladi ya ce, "Ranka ya daɗe, tunda ya dawo asalin girmansa, a sake awon mana."

Mai Unguwa ya share ido, ya ce, "Mai neman awo ya tafi. An tashi."

Kwamiti ya zauna bayan haka ba tare da ni ba. Aka yanko igiya daidai tsawon rungumata, aka rataye ta a zauren Mai Unguwa, ita ta gaje ni. Malam Bitrus ya ce dalili shi ne igiya ba ta ƙiba. Shi ne kuma ya kawo a ƙara wata ƙa'ida, cewa ɗorawa da kaɗanya da duk bishiyar da wani yake ci daga 'ya'yanta, komai ƙanƙantarta, ba a sare ta sai an zauna da mai girbe ta. Aka amince. Amma Mai Unguwa ya ce sabuwar ƙa'ida ba ta hawa kan maganar da ta riga ta. Duk unguwa ta ga abin da na naɗa, kowa ya san dalili. Wato da hannuna na tabbatar wa duniya ɗorawar ƙarama ce. Alhaji yana da ikon kai mata gatari duk ranar da ya ga dama.

Na shige gida na ƙi fita. Jikina ya kumbura, kuma ba shi ne ya fi ciwo ba. Mai ɗakina ta wanke zannuwanta ta shanya, har ta zo kan koren. Ta ɗaga shi ta ce, "Duk akwatin nan ba ka ga wanda za ka sa a ciki-ciki ba sai wannan?" Na ce shi ya fi laushi. Ta fita tsakar gida, na ji ta tana dariya ita kaɗai. Kullum da safe ina kasa kunne ko zan ji sarar gatari daga bayan unguwa.

Ban ji ba. Da na gaji da ɓuya na bi ta wurin, hula a jaye har gira. Magina sun haƙa tushe sun fara jera bulo. Bangon ya taho a miƙe, da ya kusa ɗorawa sai ya karya kwana ya shige ciki, ya bar ta a waje da ita da murhun Gwaggo. Ɗaki guda aka rasa a wurin. Gwaggo tana tsaye da doguwar gora tana kaɗo 'ya'yan da suka nuna. Ta hango ni, ta nuna mini bangon da haɓa, ta ci gaba da aikinta.

Na so in ce dabarata ce ta yi aiki. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a teburin mai shayi. Amma gaisuwa ta zama dole, don ba a ɓuyar wa suruki har abada. Ranar Juma'a bayan an sauko na je, na tuɓe takalmi tun daga waje, na durƙusa a bakin zaurensa. A wannan karon cikina ya lanƙwasu lafiya.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba."

Ya daɗe yana jan carbi. Ni kuwa ina ƙirga zaren tabarma. In akwai abin da na koya a rayuwa, a wannan shirun na koye shi: na iya naɗa wa kaina akwatin mace guda in fita bainar jama'a, amma na kasa taka ƙofar dattijo in faɗi magana ɗaya, kuma na sa wa wannan suna kunya. Tun daga ranar, duk lokacin da wata dabara ta zo mini da sauri, nakan tsaya in duba ko wata magana ce nake gudu.

Da na yunƙura zan yi sallama, sai ya yi gyaran murya. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba. Shekaru sun wuce, ya rasu, na yi masa wanka da hannuna, ban taɓa ba shi amsar abin da ya tambaye ni ranar ba.

Ya ce, "Ban san tsohuwar nan tana shirin barin gari ba sai daga baya, ba wanda ya gaya mini. Ga zaure a buɗe, kana wucewa kullum. Me ka gani a tare da ni da ya sa ka ɗauka sai an yaudare ni kafin in yi alheri?"